'Yar Laka

Ranar da ya fara ganinta, tana tsaye bakin tafki da wani dogon bututu a kafaɗa, duk masu kwale-kwale sun ƙi ɗaukarta. Tsakiya take son zuwa, inda shekara uku ke nan ko kwaɗo ba ya kuka, tsuntsu ma kewayewa yake.

Shi dai idanunta ya kalla, sai ya ji bakinsa ya ce, "Shigo nawa kwale-kwalen."

A tsakiyar, ruwan ya yi tsit kamar an kife shi da murfi. Ta zura bututun, ta jawo laka baƙa ƙirin.

"Me kike nema a ciki?" ya tambaye ta.

"Ƙarfen da ido ba ya gani. Na'ura ke auna mana shi a ɗakin gwaji."

Sai wani abu ya ƙwanƙwasa gindin kwale-kwalen, sau uku, a hankali.

"Wannan fa?"

Ta matso kusa da shi. "Wannan kam na'urata ba ta auna shi."

Sau bakwai ya kai ta. Ya sa mata suna 'Yar Laka, ita kuma tana ce masa Direbana. Amma da ya kai wa mahaifiyarsa maganar aurenta, sai uwar ta ɗaure fuska.

"Mai tono abin da ke kwance? Tun da ta taɓa ruwan nan ƙanwarka ke zabura tana magana da bango. Ba dai a gidana ba."

Shi ma tsoro ya kama shi. Kwana tara bai ɗauki wayarta ba, sai saƙo ya shigo:

"Direbana, yi fushinka, amma ku daina shan ruwan nan, ku bar kifinsa. Dalma ce jibge a lakar, daga tsohon kamfanin batir. Kawo ƙanwarmu asibiti yau, ina bakin ƙofa."

Gwajin jini ya gaskata ta. Mako uku tana zuwa jinya, ita ke ba yarinyar magani, ita ke taje mata kai, har ranar da yarinyar ta buɗe ido ta ce, "Anti, yunwa nake ji."

Uwar ta fashe da kuka, ta kamo hannun 'Yar Laka. "'Yata, ki yafe min."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ta dafa kansa ta ce, "Ka riƙe min ita amana. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai lafiya."