Kwanon da Umma Ta Daina Cinyewa

A unguwar Coal Camp ta Enugu akwai wata yarinya. Su biyu rak suke zaune da mahaifiyarta a ɗaki ɗaya. Babanta ya rasu. Umma tana ɗauke da cutar ƙanjamau, amma tana shan maganinta kullum, kuma jikinta garau. Tun yarinyar tana rarrafe, a kwano ɗaya suke cin abinci.

Wata rana a makaranta, ƙawarta Ma'u ta janye kwanonta.

"Kada ki sa hannu," in ji Ma'u. "An ce duk wanda ya ci da mai ƙanjamau ya ɗauka. Ke kuwa da Ummanki kike ci."

Ma'u ba likita ba ce. Ko lissafin aji huɗu bai gama zauna mata ba. Amma tsoro ya shiga yarinyar.

Da ta koma gida, ta ɗebi nata a wani ƙaramin kwano, ta fita bakin ƙofa.

"Yau kuma lafiya?" in ji Umma.

"Zafi ake yi a ciki, Umma."

Washegari ta ce sauri take yi. Rana ta uku Umma ba ta tambaya ba.

Umma ba ta fasa girki ba. Tana sayo hanta da wake da ganyen ugu a kasuwar Ogbete, kamar yadda aka ce mata a asibiti. Sai dai loma biyu take yi, ta juye wa kajin maƙwabta sauran. Kaji suka yi ɓul-ɓul, Umma tana ta ramewa.

Yarinyar ma ba daɗi take ji ba. A makaranta ita kaɗai, a gida ita kaɗai. Kaɗaici ya ishe ta.

Ran nan jiri ya kwashi Umma a bakin famfo. Ita da yarinyar suka hau okada, wato acaɓa, zuwa asibiti. Umma ba ta jin Ibo, ba ta jin Turanci, don haka yarinyar ce tafinta.

Sista Obioma, nas ɗin da ke duba Umma, ta ja fatar idonta ƙasa. Cikin idon fari fat! Aka auna jini.

"Jininta ya yi ƙasa sosai," in ji nas da harshen Ibo. "Magani yana son abinci. Tambaye ta me ya hana ta ci."

Yarinyar ta tambaya. Umma ta sunkuyar da kai.

"Ce mata abinci ba ya wucewa idan mutum shi kaɗai ne."



"Me ta ce?" in ji nas.

Sai yarinyar ta fashe da kuka. Ta faɗi komai, har maganar Ma'u.

Nas ta dafa kafaɗarta. "Ba a ɗaukar cutar nan a kwano, ko a kofi, ko a runguma. Ga ƙwayar ƙarin jini. Amma sauran maganin yana hannunki."

Suna isa gida, yarinyar ta durƙusa.

"Umma, ki yafe mini."

"Na yafe, 'yata. Wanko hannunki."

Suka zauna a kwano ɗaya. Duk hantar da yarinyar ta gani, sai ta tura gaban Umma.

"Ke fa?"

"Sai kin cinye uku in ci ɗaya."

Umma ta yi dariya, ta suɗe kwano tas.

Bayan wata biyu, nas ta sake jan fatar idon Umma. Ja ya dawo. Ma'u ma ta ji gaskiya, ta ba da haƙuri. Kajin maƙwabta kaɗai ne ba su ji daɗin abin ba.

Yarinyar ta koyi darasi. Idan ka ji magana a kan cuta, ka tambayi masu sani. Kuma mai shan magani yana buƙatar abinci mai gina jiki, da wanda zai zauna su ci tare.