Yatsun Dogo

"Wallahi ba za ki faɗa ba, Auta!"

"Wallahi sai na faɗa!"

Matar da ke jinyar mai gadon kusa ta ɗago ta dube su. Auta ta rage murya, amma hawayen ya ƙi raguwa. Dogo na kwance, hannunsa na dama naɗe da bandeji har gwiwar hannu. Injin yanka gwangwani ne ya ɗauke masa yatsu uku, ana dab da bikinsa da Auta.

Injin nan maɓalli biyu gare shi, nesa da juna, sai an danna da hannu biyu wuƙar ke saukowa, ka ga ke nan babu hannun da zai rage a ƙarƙashinta. To Baba, mahaifin Auta, shi ke kula da sashen, manaja kuwa ya ishe shi da mita wai aiki ba ya sauri. Sai Baba ya cusa guntun katako ya danne maɓalli ɗaya, hannu guda na dannawa, guda na tura gwangwani. Aiki ya yi sauri kam, har da yabo.

Ranar da abin ya faru Auta na gefe tana shirya kwalaye. Ta ji ihun, ta ga jinin, ta kuma ga Baba ya zare katakon ya jefa aljihu kafin ya ruga wurin Dogo. Yanzu kamfani ya ce sakacin Dogo ne, babu kuɗin asibiti, babu diyya. Yau jami'in ƙwadago zai ji bakin waɗanda ke wurin, kuma kowa ya riga ya ce bai ga komai ba.

"Korar Baba za su yi, Auta. Dattijo, da iyali a wuya... da wane ido zan dube shi?"

"Kai kuma fa? Da wane hannu za ka ci abinci?"

"Ga na hagu, ai ba ado aka yi shi ba."

"Masoyi, ka daina min wasa, zuciyata kamar ta faɗo!"

Ya juya fuska bango. "Tsoro nake ji ya hana ni ke. Yatsu na haƙura da su. Ke ce ba zan iya ba."

Tana son Baba, mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba. Tana kuma son wannan dogon sakaran da ke shirin sayar da haƙƙinsa saboda ita.

A ofishin kamfani jami'in ya tambaye ta a hankali, "Malama, me kika gani?"

Baba na zaune a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ta faɗi zancen katakon, ta faɗi wanda ya sa shi, ba ta kuma manta da manajan da ya gani ya yi murmushi ba. Da ta fito, kujerar Baba wayam.

Aka rufe injin, aka umarci kamfani ya biya, aka sallami Baba daga aiki. A gida in ta gaishe shi sai ya ce "lafiya" ya wuce. Ta rame tsaye, maganar biki kuwa ba mai tayar da ita.

Ranar da aka sallami Dogo daga asibiti, yana zaune bakin gado yana fama da igiyar takalmi da hannu ɗaya, ya hana Auta ta taimaka masa. Sai ga sallamar Baba.

Bai kalli Auta ba. Ya tsaya yana duban hannun, can ya durƙusa a gaban Dogo, da furfurarsa da komai, ya kama igiyar.

"Baba, don Allah ka tashi! Subhanallahi..."

"Zauna, ɗana." Ya ɗaure masa igiyar. "Auta, ke kuma tsayuwar me kike yi? Ɗauko wa mijinki jakarsa mu tafi gida."