Shekarar da Matan Torrecal Suka Ƙi Shafa Farar Ƙasa

Araceli tana tsaye a bakin lungu, hannayenta dumu-dumu da shuɗin fenti, tana kallon ma'aikatan majalisar gari suna shafe sunan kawunta daga bango. Jiya ta rubuta shi da manyan baƙaƙe, EULOGIO BAENA, yau ga shi an bi ta kai da farar ƙasa kamar ba a taɓa haihuwar mai sunan ba. Ƙwalla ta cika mata ido, amma ta rantse ba za ta zubo a gaban mutanen nan ba!

Tun tana ƙarama iyayenta suka rasu a hatsarin mota. Babban yayan mahaifiyarta, Don Casimiro, wanda yanzu shi ne magajin gari, ya ce gidansa ba wuri. Kawu Eulogio ne ya ɗauke ta, shi da abokin rayuwarsa Fulgencio, suka raine ta da ɗinki da tsintar zaitun har ta zama malamar makaranta. Eulogio kuwa ba wanda bai san labarinsa ba, ko da yake ba mai faɗa. A zamanin mulkin kama-karya an ɗaure shi don yana son namiji irinsa, kuma Casimiro ne da bakinsa ya kai ƙararsa. Da ya fito, shi ne mutum na farko a garin da ya ratsa dandali riƙe da hannun masoyinsa da rana tsaka, duwatsu na sauka a kansu, bai sunkuyar da kai ba. Daga ranar ƙofarsa ta zama mafakar duk yaron da aka kora daga gida.

Da sanyin bara ya rasu... Wayyo! A wurin jana'iza Casimiro ya tare Fulgencio a ƙofar coci ya ce, “Kujerun gaba na dangi ne, kai a wa?” Ba a yi wata ba ya fitar da shi da Araceli daga gidan gado. Da Araceli ta nemi majalisa ta sa wa lungun sunan marigayin, sai aka fara raɗe-raɗin tana lalata tarbiyyar yara, aka sallame ta daga aiki. Ta bi gida-gida tana roƙo, ana rufe mata ƙofa a fuska. Fulgencio kuma idonsa ya tafi, ƙirjinsa ya ƙi, likita ya ce da wuya ya ga kaka.

“'Yata, ki haƙura,” in ji tsohon, yana lalubar fuskarta. “Ni dai burina in shafa sunansa da hannuna a bangon nan kafin in bi shi. In Allah bai nufa ba, shi ke nan.”

“Wallahi sai ka shafa, Baba! Haƙuri na yi da yunwa, na yi da kora, amma ba zan yi da wannan ba.”

Ta tare Casimiro a gaban majalisa. Ya dube ta sama da ƙasa ya yi dariya. “Ke 'yar boko, a sa sunan ɗan luwaɗi a titin da ake wucewa da mutum-mutumin Maryamu Budurwa ranar biki? Je ki nemi miji.”

“Na gode, Kawu. Kai ma ka je ka nemi kunya, an ce har yanzu ana samunta a wasu gidajen.”

Watan Mayu ya ƙarato, lokacin da kowace mace take fitowa da bokiti da doguwar gora mai buroshi ta shafe gaban gidanta da farar ƙasa kafin bikin gari, don baƙi su zo su ga Torrecal fari ƙal. Araceli ta ƙi shafa ɗan ɗakin da suke haya. Ta fito da kujera ta zauna a gaban bangonta mai datti, ta harɗe hannu. Maƙwabta suna wucewa suna tsaki, wasu yara suka jefe ta da ruɓaɓɓen lemo. Ta goge fuska ta gyara zama.

Sai ga Doña Angustias, tsohuwar da ba a taɓa riga ta shafa bango ba, ta iso da bokitinta. Ta daɗe tana kallon yarinyar.

“Ranar da mijina ya kori ɗana Isidro da bel, kuna tsammanin a ina ya kwana?” ta ce da ƙarfi, don duk lungu ya ji. “A gidan Eulogio! Shi ya ciyar da shi, shi ya sa shi a jirgin ƙasa da sabuwar riga. Ya Allah, mutumin nan ya riƙe mana 'ya'ya, mu kuma mun kasa riƙe masa suna!”

Ta tuntsurar da bokitin a tsakiyar titi, farin ruwa ya gangara har dandali. Kafin la'asar wata ta fito da kujerarta, sai wata, sai wata... Ashe kusan kowane lungu akwai uwar da Eulogio ya taɓa share wa hawaye a ɓoye. Sati ya zagayo, Torrecal na nan da dattin damina, bango duk zane-zanen ruwa da gansakuka. Masu masauki da masu shaguna suka cika ofishin magajin gari da ihu.

Casimiro ya fito a fusace. “Angustias, ke da tsufanki? Ku tashi ku yi aikinku!”

“Aikinmu? Ga gora can, ranka ya daɗe. Ai mun ga ka iya shafe abu.”

Mata suka kwashe da shewa. Don ya nuna musu bai damu ba, ya hau tsani da kansa a bangon majalisa. Ƙafa ta zame, bokiti ya kife masa a ka, ya zauna daɓas a ƙasa fari fat tun daga gashi har takalmi, ba wanda ya miƙa masa hannu. Da majalisa ta zauna, hatta 'yan jam'iyyarsa suka juya masa baya, aka amince da sunan, shi kuma ya sauka daga kujera. Har yau in ya fito sayen burodi sai ya zagaya ta bayan gari don kada ya bi ta lungun ƙaninsa.

Ana gobe biki aka manna allon tangaran, shuɗin rubutu a kan fari, baƙaƙen sun ɗan taso. Araceli ta sa an manna shi ƙasa-ƙasa, daidai tsawon hannun mutumin da ke zaune. Ta turo Fulgencio a keken marasa lafiya, mata na biye da bokitansu. Ya ɗora yatsunsa, ya bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ya sake komawa farko. Sai a lokacin Araceli ta bar hawayenta ya zubo, a gaban kowa, kanta a sama.

“Eulogio,” in ji tsohon a hankali, tafinsa manne da allon, “ga mu nan kuma a tsakiyar titi, hannuna cikin naka. Ka ji ko dutse ɗaya?”

Doña Angustias ta fyace hanci ta tsoma gorarta a bokiti. “To, ku matsa mana, mu fara da bangon Eulogio.”