Jirgin Farfela a Kan Igiyar Shanya

Baban Auta ya kakkaɓo jirgin Farfela da sandar shanya.

Ƙaramin jirgi ne marar matuƙi, irin na wasa mai ɗauke da kyamara, bai fi tire girma ba. Iska ce ta kwaso shi daga bayan layi, ya tsaya yana ƙugi a saman tsakar gida, daidai inda Mama ke shanya, kanta ko ɗankwali babu. Baba tsohon direban bas ne, ba ya dogon tunani a kan abin da ya tare masa hanya. Duka ɗaya ya yi masa. Jirgin ya faɗo ya sarƙe a hannun wata riga.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Auta ce ta buɗe. Ta ga wani dogon saurayi yana haki, rimot a hannu, takalmi ƙafa ɗaya ya tsinke. Shi ne mai gyaran waya na bakin titi, wanda abokansa suka laƙaba wa Farfela saboda son jirgi.

Ya kalle ta, ya manta abin da ya kawo shi.

"Lafiya?" in ji ta.

"Jirgina ne ya ɓata."

"Bai ɓata ba. Yana kan igiya, yana shan iska da rigar Baba."

Ta danne dariya. Shi ma ya fara murmushi, sai ga Baba a bayanta da sanda. Murmushin ya koma.

Baba bai yi zagi ba. Ya sa Auta ta nemo lambar hukumar jiragen sama, ya kira da kansa. Wata jami'a ta zo, ta duba jirgin, ta duba saurayin. Babu rajista, babu jarrabawa. Ta lissafa masa laifinsa a tsaye. Ba a tashi a kan gidajen mutane. Ba a tashi a kan taro. Ba a barin jirgi ya ɓace wa ido. Ta ci shi tara, ta tafi da jirgin, ta ce sai ya ci jarrabawa ya zo ya karɓa.

Farfela ya durƙusa ya ba Mama haƙuri. Mama ta ce komai ya wuce. Baba ya ce, "Wanda ya leƙo gidana ta sama ba zai shigo ta ƙofa ba. Tashi ka tafi."

Auta a shagon tabarau take aiki, ita ke gwada idon mutane. Bayan 'yan kwanaki sai ga Farfela a kan kujerar gwaji, wai yana so a duba shi kafin jarrabawa. Ya karanta harufan allo tun daga manya har ƙanana bai yi tuntuɓe ba.

"Idonka lafiya lau," in ji ta. "Kan ne ban da na'urar dubawa."

"To a ba ni lambar likita, ko zai tashi da ciwo."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Amma da zai fita, lambar tana bayan katin shago.

Ya ci jarrabawar. Ya karɓo jirginsa, ya manna masa lambar rajista, ya shiga ƙungiyar masu tashin jirgi da ke da fili a bayan gari, nesa da gidaje, nesa da filin jirgin sama. Ranar ya tura mata saƙo.

"Na ci. Yanzu ni mutumin kirki ne, hukuma ta shaida. Saura ke."

Ta amsa, "Hukuma ba ta san Baba ba."

A filin akwai doka. Duk wanda zai sa tabarau na kallon abin da kyamara ke gani, dole wani ya tsaya kusa da shi yana bin jirgin da ido, yana gaya masa inda yake. Farfela ba shi da mai tsaya masa. Auta ta zo kallo da yayarta, wata mai ɗinki da ba ta raina abin tsokana. Yaya ta ture ta gaba ta ce, "Ga mai ido nan, kullum na mutane take dubawa, nata na zaune."

Haka ta fara. Shi fuska a rufe, ita kai a sama.

"Hagu. Akwai bishiya. Ka yi sama da yawa, sauko."

"Kaɗan ne fa."

"Sauko na ce."

Ya sauko. Tun daga ranar yake kiranta Idona. Ita kuma ta ce masa Matuƙi, in ya ba ta haushi ta ce Matuƙin Igiyar Shanya.

Wata rana ya rubuto mata, "Idona, in babu ke ko ƙasa ba na gani, balle sama."

Ta rubuta, "To ka riƙa jin magana. Ka ci abinci?"

"Na ci. Wata rana ta sama zan aiko miki da tsaraba."

"Ka gwada ka ga aikin sanda."

Wasa ne, su biyun sun sani.

Da soyayyarsu ta yi ƙarfi, kawun Farfela ya zo wajen Baba neman aure. Baba ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, ya maimaita masa abin da ya faɗa ranar farko. Bai ƙara ba, bai rage ba. Mama ta yi magana, Yaya ta yi, bai motsa ba.

Baba yana da wanda yake so ya ba Auta. Ɗan wani tsohon abokinsa ne mai gidan mai, ana ce masa Manaja. Yana da farar mota da baki mai daɗi. Duk abin da Baba ya ce, sai ya ce, "Haka ne, Baba." Auta ba ta ƙi shi da faɗa ba, gaisuwa kawai take amsawa. Manaja ya bincika ya ji abin da ke kai ta bayan gari. A ransa ya ce in dai jirgi ne, ai sayensa ake yi.

Wata rana da la'asar ƙugi ya sake cika tsakar gida. Mama na wanki. Jirgi ya tsaya a sama, ya saki wani ɗan kwali da ke rataye da zare. Kwalin ya faɗa cikin bahon wanki, kwalbar turaren da ke ciki ta fashe, gilashi ya yanki Mama a yatsa. Kafin Baba ya ɗauko sanda jirgin ya tafi.

Baba ya kalli Auta. "Ga mutumin kirkin naki."

Auta ta ɗaure wa Mama yatsa. Ta tuna saƙon tsaraba. Ta shiga ɗaki ta rubuta, "Ashe da gaske kake. Ka yanki mahaifiyata, ka kunyata ni a gaban Baba. Kada ka ƙara kirana."

Ya kira, ta kashe. Ya rubuto, "Idona, wallahi jirgina yana cikin jaka tun ranar da muka dawo fili. Ban san zancen ba."

Ba ta amsa ba. Baba kuwa ya ce gobe zai kira jami'ar nan, wannan karon a karɓe rajistar gaba ɗaya. Farfela zai rasa jirgi, ya rasa Auta, a kan abin da bai yi ba.

Washegari da la'asar ya rufe shago ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai tsallaka ba. Baba ya fito. Auta da Yaya suna bayan labule, Mama na daga ciki.

"Na hana ka ƙofar nan."

"Ban shigo ba, Baba. Na zo ne in faɗa maka da bakina, ba ni ba ne."

"Wa ke da jirgi a unguwar nan in ba kai ba?"

"Ban sani ba. Ranar farko na yi laifi, na amsa, na biya. Wannan ba zan amsa ba."

"Ƙarya kuma za ka haɗa min da ita?"

Farfela ya buɗe baki, sai ƙugi ya riga shi. Duk suka ɗaga kai. Jirgi ne, da wani kwalin yana lilo a ƙarƙashinsa.

Baba ya kalli jirgin. Ya kalli hannun Farfela na dama, ya kalli na hagu. Babu komai a cikinsu.

Yaya ta ce daga bayan labule, "Ikon Allah, ko da kunne yake tuƙawa?"

Baba ya juya ya ɗauko sanda. Farfela ya ce, "Don Allah kada ka doke shi, Baba. In batirin ya fashe wuta yake kamawa, ga kaya a igiya. Kuma in ya faɗo nan, mai shi guduwa zai yi. Ka bar shi. Dole ya koma inda ya taso." Sannan ya ɗaga murya. "Idona, hau sama!"

Auta ba ta jira izini ba. Ta haye matakala zuwa saman bene. Jirgin ya saki kwalin a kan siminti, ya juya. Ta kafa masa ido kamar a fili.

"Ya yi hagu! Ya wuce tankin ruwa. Yana bayan makaranta. Ya tsaya. Yana sauka." Ta ƙara dubawa. "Baba, kusa da wata farar mota."

Babu wanda ya tambayi motar wa.

Baba ya tafi da ƙafa, sanda a hannu, Farfela na binsa a baya. Suka tarar da Manaja yana naɗe jirgi a bayan mota, yana murmushi shi kaɗai. Da ya ga Baba murmushin bai gudu ba.

"Baba, ashe an gano ni! So na yi in ba ta mamaki. Turaren ya yi mata?"

"Ya yanki uwarta."

"Subhanallahi. Tsautsayi ne. Ai gida ne, Baba, ni ba baƙo ba ne."

"Kana da rajista?"

"Wace rajista kuma? Abin wasa ne fa."

Baba ya zaro waya. Lambar jami'ar tana nan, bai goge ba. Manaja ya fara roƙo, ya kira mahaifinsa ya miƙa wa Baba. Tsohon abokin ya yi ta magana a kan zumunci da shekarun da suka yi tare. Baba ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Ɗan wani ya yi, na kira hukuma. In ɗanka ya yi na yi shiru, me zan ce wa ɗan wanin? Ga shi tsaye a bayana."

Jami'a ta zo ta yi aikinta. Ta ga Farfela, ta gane shi. Ta ce, "Kai kuma?" Ya ɗaga hannuwansa sama ya ce, "Yau ɗan kallo ne."

Suka kamo hanyar gida. Da suka iso, Farfela ya tsaya inda ya tsaya ɗazu. Baba ya shiga, ya jingine sandar, ya juyo.

"Tsayuwar me kake yi? Ƙofa ba a buɗe take ba?"

Mama ta sauke ajiyar zuciya har sai da aka ji daga waje. Yaya ta ce, "A shigo da ƙafar dama, Matuƙi, kada a sarƙe a igiya."

Auta ta kasa haɗa ido da shi. Sai da ya koma shago saƙonta ya same shi.

"Matuƙi, na ga abu daga nesa, na kasa ganin na kusa. Ka yafe min."

Ya amsa, "Na yafe tun kafin ki hau bene. Amma ki zo a gwada idonki, na san wani shago."

"Allah ya shirye ka."

"Amin, a gidanmu ni da ke."

Kawu ya dawo. Wannan karon bayan ruwa har da amsa. Aka sa rana, aka ɗaura aure.

An yi walima a harabar wani zauren taro. Dangi sun cika, 'yan ƙungiyar fili sun zo, har jami'ar nan ta leƙo ta yi murna ta tafi. Baba ya kira ango da amarya gabansa. Ba mai dogon jawabi ba ne. Ya ce wa Auta, "Ki riƙe shi." Ya ce wa Farfela, "In ta ce sauko, ka sauko." Sannan ya ɗora hannu a kan kowannensu. "Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin magana."

Aka ce amin. Mama ta share ido da gefen mayafi.

Baba ya sunkuya wajenta ya yi ƙasa da murya. "Tsaya ki ga wani abu."

"Ka bar yaron nan ya huta, don Allah."

Bai bari ba. Gefen bakinsa na motsi, ya daure ya tsuke fuska. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kai, ango. Jirgin nan naka yana kusa?"

"Yana cikin mota, Baba."

"Ɗauko. Dubi jama'ar da ta taru mini. Ina so a ɗauke mu hoto daga sama, kowa ya fito. Yau ni na ba ka izini."

'Yan ƙungiya suka kalli juna. Yaya ta dafe baki. Farfela ya dubi taron, tsofaffi a kujeru, jarirai a baya, ya dubi surukin da ya sha wuya kafin ya samu. Auta ba ta ce masa hagu ko dama ba. Kallonsa kawai take yi.

Ya durƙusa har ƙasa.

"A'a, Baba. Ba zan tashe shi a kan mutane ba."