Shaidar Suruki

Ranar Litinin ce, ana ruwa tun hantsi. Wani kafinta yana durƙushe a falon surukinsa, rigarsa na ɗiga. 'Yarsa mai shekara biyar tana kwance a cinyar uwarta, jikinta zafi zau. Awa huɗu ta yi a ƙofar makaranta tana jiransa, shi kuwa yana shago yana goge ƙafar wata kujera da ba wanda ya sa shi.

"Wallahi Baba, na sa alam a waya…"

"Rufe mini baki! Ran da aka haife ta ma a asibiti ka manta da uwar. Na ba ka zuwa Juma'a, ka kawo mini takardar 'yata."

"Baba, ina son mijina!" in ji matar, hawaye shaɓe-shaɓe. "Ba mugunta ba ce!"

"Ke ma rufe naki."

Kafintan ya koma gida shi kaɗai. Ba wai bai nemi magani ba. Likitan farko maganin barci ya ba shi. Na biyu ya yi dariya, ya ce rashin tattara hankali ciwon yara ne, mai gemu ya wuce shi. Na uku kuwa, ranar ganinsa ce ya manta.

Ran Talata matarsa ta kira shi, muryarta ƙasa-ƙasa. "Na samo wata likitar ƙwaƙwalwa, manya take dubawa. Gobe ƙarfe goma. Zan kira ka tara, in sake kira tara da rabi. Pilis, abin ƙaunata, kada ka kashe ni da raina."

Ya je. Awa guda likitar tana sauraronsa, ba ta duba agogo ba. Sannan ta ce, "Kafin in yanke magana, ina son wanda ya san ka tun kana yaro."

Iyayensa sun rasu. Mutum ɗaya ya rage, malaminsa na aji huɗu, kuma shi ne surukin nasa. Da yamma ya sake durƙusawa a falon nan, har da kuka.

"Zan zo," in ji tsohon. "Dama ina neman wanda zan faɗa wa halinka."

Ran Alhamis tsohon ya zauna gaban likita, ya dogara sandarsa, ya shiga zuba. Yaro ne mai kai, amma idonsa kullum yana taga. Jakar makaranta bakwai ya ɓatar a shekara ɗaya. Ya taɓa amsa jarrabawa daidai, ya manta bai juya bayan takardar ba. Likita tana ta rubutu.

"Shekararsa nawa lokacin, Baba?"

"Tara."

"Kun hukunta shi?"

"Bulala uku na karya a jikinsa."

"Ya canza?"

Tsoho ya girgiza kai.

"To ba iskanci ba ne," in ji ta. "Lalura ce, da ita ya taso, kuma ku kuka tabbatar mini. Akwai magani. Za mu fara da kaɗan, ya riƙa dawowa muna gyarawa, in koya masa tsara yininsa. Ba kwana ɗaya za a yi ba."

A bakin asibiti tsohon ya juyo wurin kafintan. "Bar takardar," ya ce. "Gobe ƙarfe takwas ka zo ka ɗauki iyalinka. Takwas na ce!"

Shekara ashirin da biyar ana zagin mutum a kan ciwo. Kafin ka ce wa wani ba ya ji, tambayi wanda ya sani. Da matar nan ta gaji da nema, da gida ya rushe.

Washegari kafintan ya sha ƙwayarsa, ya fita. Takwas saura kwata yana ƙofar surukinsa yana sallama. Makullin gidansa kuwa yana can jikin ƙofa, inda ya bar shi.