Murhun da Ke Manne da Bango

Tun da Dubravka ta dawo daga baje kolin kayan gida na Zagreb, hankalinta ya ƙi biyo ta. Tana fere dankali a gidan uwar saurayinta Zdenko, amma idonta na can kan ɗan kicin ɗin nan fari tas, mai murhun lantarki da labule ruwan ƙwai. Irinsa masana'antar su Zdenko za ta ba su a hawa na huɗu, muddin aka yi auren kafin ƙarshen wata.

"Mama, ba hayaƙi, ba toka," ta ce. "Murɗawa kawai za ki yi."

Mama Ruža, uwar Zdenko, ta tura icce cikin tsohon murhunta na tsakiyar ɗaki. "Sai na gani da idona."

Ran Lahadi suka kai ta wurin baje kolin. Jama'a na shafa firij kamar an haifi jariri, ita kuwa ta zarce wajen murhu, ta leƙa bayansa. A manne yake da bango.

"To, 'yar nan, ta ina zan zagaya da ke? A wurinmu uwar miji ke kama hannun amarya su zagaya murhu sau uku. Haka aka yi mini. In babu wannan, auren nan ba da yawuna ba."

Zdenko ya hasala. "Mu tafi ofishin rajistar aure kawai, Dubravka, kar gidan ya kuɓuce mana."

"Ba zan shiga gidanka na bar uwarka da hawaye ba."

Ta faɗa da ƙarfin hali, amma ta sha kuka, don tana son sa, tana son kicin ɗin. Kullum ta tashi aiki sai ta koma wurin baje kolin ta tsaya bayan igiyar da aka killace kicin ɗin da ita, tana girki a zuciyarta.

Ranar rufe baje kolin, ma'aikata biyu suka janye murhun daga bango, suka dire shi tsakar fili, suka tafi shan taba. Dubravka ta ƙura masa ido. A hankali ta taka, ta zagaya shi.

Ran biki Mama Ruža ta hau benen sabon gidan tana haki tana mita. Sai ga murhu a tsakiyar kicin, an ƙara masa doguwar waya. Ta miƙa wa Dubravka hannu.

"Zo, 'yata."

Wurin ya matse, sai da tsohuwar ta tsuke ciki, amma sau uku cif suka zagaya.

Wadda ta yi haƙuri da tsoron tsohuwa, ita ke samun gida da uwa tare. Murhun kuwa ba a ƙara mayar da shi jikin bango ba. Har ya yi furfura Zdenko na buge gwiwa da shi kowace safiya.