Wanda Inna Ta Kira Ɗanliti

Ana shirin sallar la'asar wata mata ta shigo caji ofis, mayafinta yana jan ƙasa. Ta ce sunanta Khadijat Usaini, malamar firamare ce, ɗanta Sadiq mai shekara huɗu ya ɓace daga gidan iyayenta a Ƙofar Marusa.

Sufeto Luka Baƙo ne a bakin aiki. Mutumin kudancin Kaduna ne, amma ya daɗe a Katsina har bakinsa ya juye.

"Wa kika bar wa yaron?"

"Innata. Kullum ita nake bar wa in zan tafi makaranta."

"Ita mi ta ce?"

Khadijat ta sunkuyar da kai. "Yallaɓai, Inna ba ta da lafiya. Ciwon mantuwa ya kama ta tun ba ta tsufa ba. Shi kuma yaron sikila gare shi, in ya rasa maganinsa ciwon tashi yake."

"Ubansa fa?"

"Mun rabu da Hashimu. Kotu ta bar mani riƙon yaron."

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya kira Kofur Ramla, suka bi ta.

Sun tarar da Hajiya Laraba zaune a kan tabarma a tsakar gida, fes da ita, tana ninke wani zane tana warwarewa. Ta gaishe su da fara'a, ta tambayi gida da iyali da gajiya. Da suka zauna ta sake gaishe su daga farko.

"Hajiya, ina Sadiq?" in ji Sufeto.

"Ai Ɗanliti ya fita da shi."

"Wane ne Ɗanliti?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta sunan garin da suke. "Ɗanliti mana. Ya zo, ya sha fura."

Khadijat ta fashe da kuka. "Ka ji, Yallaɓai. Abin da take ta faɗi ke nan. Mu ba mu da wani Ɗanliti, ko a dangi ko a unguwa."

Sufeto ya duba gefen tabarmar. Ga kwanon sha da ludayi biyu a ciki, furar ta bushe a jikinsu. Ya sa Kofur Ramla ta leƙa ɗaki da Khadijat. Suka fito suka ce babu kayan sawar yaron kala uku da takalminsa na Juma'a, amma ledar maganinsa tana nan rataye a ƙusa.

"Ɓarawon yara ba ya zama shan fura," in ji Sufeto. "Wannan sunan da ta ambata, kada wanda ya faɗa wa kowa a waje."

Maigidan, Alhaji Usaini, tsohon ma'aikacin gidan ruwa, yana zaure yana jan carbi. Ya ce lokacin da abin ya faru ya tafi jana'iza a Gobarau.

"Alhaji, ka san wani Ɗanliti?"

"Ban sani ba. Surutan ciwo ne kawai."

Sufeto ya lura carbin ya tsaya a hannunsa. Ya sallami Kofur ta koma ciki, ya matso kusa.

"Alhaji, jikanka yana wani wuri babu magani. In ya mutu, abin da kake ɓoyewa ba zai amfani kowa ba."

Dattijon ya ajiye carbin.

"Ɗanta ne," ya ce a hankali. "Na fari. Kafin ni ta auri wani mai fataucin shanu. Da suka rabu, ya zo wata rana ya ce zai kai yaron aski. Ba ta sake ganinsu ba. An nema har cikin Nijar. Ta yi kamar za ta zauce. Da na aure ta, iyayenta suka roƙe ni kada a ƙara tayar da maganar, ni kuma na riƙe. Khadijat ba ta san tana da yaya ba."

"Ko shi ne ya dawo?"

"Shekara talatin da wani abu? Bai ma san ƙofar gidan nan ba. Tunda ciwon ya zo ta koma ambatonsa, amma sai in muna mu biyu."

"Ban da kai, wa yake zama da ita su biyu?"

Alhaji ya yi tunani. "Babu. Sai dai bara, kafin rabuwar, Hashimu ne yake kai ta asibiti a motarsa."

Da suka koma ofis, Sufeto ya aika aka kira Hashimu daga shagonsa na sayar da wayoyi. Matashi ne mai tsabta, ya zo da kansa ba gardama, yana ta salati.

"Yaushe rabonka da gidan surukanka?"

"Tun ranar da aka gama shari'a ban taka ba."

"Yau ina ka yini?"

"A shago, Yallaɓai."

"Maƙwabcin shagonka ya ce a rufe yake tun hantsi, sai bayan azahar ka buɗe."

"Na je sayo kaya."

"Ina kayan?"

Hashimu ya gyara zama. "Ba a samu ba. Yallaɓai, ni aka zalunta. An ɗauki ɗana mara lafiya an bar wa matar da ba ta san ko ta ci abinci ba. Na faɗa wa alƙali haka za a yi. Maimakon ku tsare ni, ku je ku nemo Ɗanlitin nata."

Sufeto ya ajiye biro.

"Wa ya faɗa maka wannan sunan?"

"Khadijat ce, a waya."

Kofur Ramla ta ce, "Khadijat tana tare da ni tun da ta shigo ofis ɗin nan. Ba ta kira kowa ba."

"To a unguwa na ji."

"Ka ce ba ka taka unguwar ba," in ji Sufeto. "Tashi mu je ka gaida surukarka."

Hashimu ya ce ba shi da abin da zai je yi. Aka sa shi a mota.

Ana gab da magariba suka yi sallama a gidan. Hajiya Laraba tana nan inda suka bar ta. Tana ɗaga kai ta ga Hashimu, fuskarta ta washe, ta miƙe har zanen ya faɗi daga cinyarta.

"Ɗanliti, ka dawo? Ina ka baro yaron? Na ce maka kada ku daɗe, iska tana sa masa ciwo."

Khadijat ta dubi uwarta, ta dubi tsohon mijinta.

"Ba ta cikin hankalinta," in ji Hashimu. "Kowa haka take kira."

"Ni ba ta kira ni haka ba," in ji Sufeto. "Ba ta kira direbanmu haka ba, ga shi nan sa'anka ne. Ina yaron?"

Hajiya Laraba ta kamo hannun Hashimu tana shafawa. Ya yi ƙoƙarin janyewa, ta riƙe. Sai ya durƙusa.

"Yana Jibiya, wurin gwaggota. Gobe za a ƙetara da shi Nijar, wurin wani mai maganin gargajiya. An ce yana raba yaro da sikila."

"Yaya aka yi ka zama Ɗanliti?"

"A mota ta fara kira na haka, muna dawowa daga asibiti. Ta ba ni labarin duka tana kuka, tana neman in yafe mata. Na amsa don in kwantar mata da hankali." Ya share fuska. "Da kotu ta hana ni ɗana, sai na tuna. Na jira Baba ya fita. Na shigo na ce mata, Inna, ni ne, na dawo. Ita ta haɗa mani kayansa da hannunta. Na san duk abin da ta faɗa, ba mai yarda."

"Maganinsa fa?"

"Mai maganin ya ce kada a haɗa da na asibiti."

Khadijat ta juya wurin mahaifinta, wanda ya tsaya a bakin zaure. "Baba, wane labari ne Inna ta ba shi?"

Alhaji Usaini ya kasa ɗaga ido.

Sufeto ya kira 'yan sandan Jibiya a waya, ya ba su kwatancen gidan. Ba a jima ba suka kira shi. Sun sami yaron kwance da zazzaɓi, hannuwansa sun kumbura, ko kuka ba ya iyawa. An wuce da shi asibiti, likita ya ce sai an ƙara masa jini. Sufeto ya ce direba ya kai Khadijat can da ledar maganin, su kuma za su tari Keke Napep.

Kofur Ramla ta sa wa Hashimu ankwa. Ƙarar ƙarfen ce ta sa Hajiya Laraba ta zabura. Ta riƙe rigarsa da hannu biyu.

"Ina za ku kai mani shi? Yau fa ya dawo. Don Allah ku bar shi ya kwana."

Alhaji Usaini ya zo ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Laraba, saki. Ba shi ba ne."

Ta bi su har zaure ba takalmi. Sufeto Luka ya tura Hashimu gaba, bai waiwaya ba. Har suka sha kwanar layin suna jin muryarta tana kiran ɗanta.